Yadda ake rarrabe siffofin galaksi, a kuma gina su a cikin kwamfuta

Kafin ka taɓa kwamfuta, aika yaro madafa ya ɗauko maka faifai. Riƙe shi da hannu biyu daidai fuskarka, za ka ga da'ira cikakkiya. Karkata shi a hankali, sai da'irar ta koma kamar ƙwai. Ci gaba har ya kwanta, bakinsa kaɗai kake gani, siriri kamar tsinke. Faifan yana nan yadda yake, wurin da kake kallonsa ne ya sauya. Da wannan nake buɗe darasin galaksi kowace shekara a ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandaren da nake koyarwa a cikin birnin Katsina, domin yawancin kuskuren da ake yi wajen rarrabe galaksi daga nan yake fitowa. Mu a duniya ta gefe ɗaya tak muke ganin kowane galaksi, ba mu da halin zagayawa bayansa. Manhajar kwamfuta ce kaɗai ke ba mu wannan dama, shi ya sa nake haɗa ayyukan biyu wuri ɗaya.

Galaksi garke ne na taurari, miliyoyi zuwa biliyoyi, tare da ƙura da iskar gas, ƙarfin janyowa ya ɗaure su wuri ɗaya. Ranarmu tauraro ɗaya ce a cikin namu garken, wanda muke ganin gefensa da daddare kamar farin hayaƙi da ya ratsa sama. Larabawa suna kiran wannan ratsi Darbut-tabbana, hanyar masu dakon ciyawa. Kada a haɗa galaksi da gungu irin Kaza da 'ya'yanta. Su Kaza maƙwabtanmu ne na cikin gida, nisansu bai wuce shekarun haske ɗari huɗu da 'yan kai ba, alhali galaksin Andromeda yana wajen shekarun haske miliyan 2.5. Shekarar haske kuwa ma'aunin nisa ce, kimanin kilomita tiriliyan 9.46.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta ko da tsohuwa ce, rula mai santimita, littafin rubutu, da kalkuleta mai maɓallin log. Manhajoji biyu za ka sauke, dukkansu kyauta ne: Stellarium da Celestia. Da zarar ka saka su, ba sa bukatar intanet. Data kuwa sai wajen sauke hotuna da neman lambobi, kuma ana iya yin wannan a zama ɗaya a ajiye.

Aikinsu ya bambanta. Stellarium yana nuna maka sama kamar kana tsaye a ƙofar gidanku. Celestia yana ɗauke ka daga duniya ya kai ka har gindin galaksin, ka zagaye shi.

Mataki na farko: san inda abin yake a samanka

Buɗe Stellarium ka danna F6, ka nemi Katsina. In kana so ka sa lambobi da hannu, birnin yana wajen digiri 13 arewa da digiri 7.6 gabas. Daura tana wajen digiri 13 arewa da 8.3 gabas. Da F5 ake sauya rana da lokaci, da F3 ake neman abu da sunansa. Rubuta M31, shi ne Andromeda. A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe tara da rabi na dare, za ka same shi ta arewa, ya ɗaga sama da digiri sittin daga ƙasa. Bayanin da zai fito a kusurwar allo yana ɗauke da nau'insa da girmansa. Shawarata, rufe wannan kusurwa da takarda tukuna. Wanda ya riga ya ga amsa idonsa ba ya ƙara koyon komai.

Ina matsa wa ɗalibaina su fita su ga M31 da idonsu ko sau ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazon hunturu ya rufe sama, a daren da babu farin wata. Ba sai an fita bayan gari ba, kuma a halin tsaron da ake ciki ba na ba kowa shawarar haka. Saman bene ko filin makaranta ya isa, a kashe fitilu, a ajiye waya, a ba ido minti ashirin ya saba da duhu. Ɗan tabo ne fari-fari kamar guntun auduga. Abdurrahman al-Sufi ya rubuta shi a littafinsa na taurari a shekarar 964, ya kira shi ɗan ƙaramin gajimare. Nakan tuna wa yaran cewa garin nan ma ya fitar da masanin lissafi da taurari, Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Kallon sama da lissafi ba baƙon abu ba ne a Katsina.

Mataki na biyu: samo hoto mai kyau

Ido da ƙaramin madubin hangen nesa ba za su nuna maka hannayen galaksi ba, wato layukan taurari da ke naɗe da tsakiyarsa, sai hoton manyan madubai. Shiga shafin Aladin Lite, ka rubuta sunan galaksi, hotonsa zai fito. Don farawa sauke waɗannan: M87, M110, NGC 3115, M104, M81, M31, M51, M33, NGC 1300, M82, da NGC 4038. Ba wa kowane hoto lamba maimakon suna, ka cakuɗa su.

Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka ja hoton ta gefe ɗaya don ya cika allo ko takarda. In ka miƙar da shi ka ɓata awo, zagayayye zai koma dogo.

Mataki na uku: tambayoyin, bi da bi

Tsarin da ake bi har yau na Edwin Hubble ne, masanin taurari Ba'amurke, wanda ya fitar da shi a 1926, ya kuma zana shi a 1936 da siffar gwafa: ƙota ɗaya, sai ta rabu reshe biyu. A ƙotar akwai dunƙulallu, a mararraba akwai masu siffar masa, a rassan biyu akwai masu hannaye. Kada ka kalli hoto ka yi saurin faɗin suna. Bi tambayoyin nan a jere.

Tambaya ta farko: sumul yake ko yana da zane a jikinsa? In haskensa ya taru a tsakiya yana dusashewa a hankali zuwa baki, ba tabo, ba layin ƙura, ba hannu, kamar curin fura, to dunƙulalle ne, harafinsa E. Launinsu yakan karkata zuwa ruwan ɗorawa ko ja-ja, domin tsofaffin taurari ne suka cika su, iskar gas ɗin da ake haifar sababbi da ita ta yi ƙaranci.

Dunƙulalle yana da lamba daga 0 zuwa 7, kuma da rula ake samo ta. Auna tsawonsa ta inda ya fi tsawo, kira shi a. Auna faɗinsa ta inda ya fi gajarta, kira shi b. Raba b da a, cire abin da ka samu daga 1, ka ninka da 10. Misali tsawo santimita 6, faɗi santimita 3: 3 a raba da 6 ya ba da 0.5, a cire daga 1 saura 0.5, sau 10 ya zama 5. Sunansa E5, kuma nan M110 yake, ɗan rakiyar Andromeda. M87, ƙaton nan da aka fitar da hoton baƙin raminsa a 2019, wato wurin da janyowa ta yi ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuta, kusan da'ira ne, E0. Wahalar awon ita ce galaksi ba shi da katanga, haskensa ɓacewa yake yi a hankali. Zaɓi matakin haske ɗaya ka tsaya a kansa a duka awon biyu. In ka auna tsawo har inda haske ya ƙare, faɗi kuma ka tsaya a inda yake da ƙarfi, lambar ba za ta yi daidai ba.

Nan ne faifanmu zai dawo, ko in ce goruba. Lambar E siffar da muke gani take faɗa, ba ta faɗin siffar abin a sarari. Galaksi mai tsawo kamar gwanda, in ya juyo mana da kansa, da'ira za mu gani mu rubuta E0. Don haka in ka rubuta E0 a littafinka, abin da kake nufi shi ne daga Katsina zagayayye yake.

In lissafinka ya haura 7, ko ka ga tsakiya ta kumbura bakin kuma ya yi siriri ta gefe biyu, dakata. Wannan faifai ne da ke kwance. Idan faifan ba shi da hannaye, sumul yake, sai tudun tsakiya, shi ne S0, mai siffar masa. NGC 3115 misali ne mai kyau: an daɗe ana lissafa shi E7 kafin a mayar da shi S0. Rarrabe E da S0 shi ne wuri mafi wuya a aikin nan, har ƙwararru suna saɓani a kai, musamman idan S0 ɗin ya fuskance mu sosai. Abin da nake dubawa shi ne yadda haske ke sauka daga tsakiya. A E yana gangarowa ne salin-alin kamar tudun yashi. A S0 yakan faɗo da sauri daga tudun tsakiya, sai ya shimfiɗe, sai ya yanke, kamar malmalar tuwo a kan faranti.

Tambaya ta biyu, in yana da zane: ta fuska kake ganinsa ko ta baki? In ta baki ne, hannaye da tabarya, wato sandar haske ta tsakiya, duk sun ɓuya, abin da ya rage maka shi ne girman tudun tsakiya, wanda nake kira tozo, da layin ƙura baƙi da ke ratsa faifan. M104 shi ne gwanin misali. Turawa sun sa masa sunan hular Meziko, mu kuwa malfa muke gani: tozo ƙato, baki shimfiɗaɗɗe, baƙin zare ya zagaye shi. Girman tozon ya sa ake lissafa shi Sa. Ga irin waɗannan, rubuta nau'in da ka zata ka sa alamar tambaya a gefe. Yin haka gaskiya ce, ba gazawa ba.

Tambaya ta uku: akwai tabarya? Wato sandar haske miƙaƙƙiya da ta ratsa tsakiya, hannayen kuma suna tasowa daga ƙarshenta biyu maimakon daga tozo. In akwai, harafin SB ne. In babu, S kawai. NGC 1300 tabaryarsa a fili take, ko yaro zai nuna ta. Wajen kashi biyu cikin uku na masu hannaye da ke kusa da mu suna da tabarya, babba ko ƙarama, har da namu galaksin. Tarkon da ke nan shi ne faifai da ya karkata yakan sa tozo ya yi kamar dogo. Duba ko doguwar tsakiyar ta bi layi ɗaya da tsawon faifan gaba ɗaya. In ta bi, ka yi zargin karkata ce. In ta gitta ta wani ɓangare dabam, tabarya ce.

Tambaya ta huɗu: a, b ko c? Abu uku ake haɗawa. Girman tozo, matsewar hannaye, da yadda hannayen suka kakkarye zuwa ƙulle-ƙulle masu haske. Sa tozonsa babba ne, hannayensa a naɗe suke tamau kamar gammo, kuma sumul. Sc tozonsa ƙarami ne, hannayensa a buɗe kamar guguwa ta fara watsewa, cike da ƙulli masu shuɗi, wato wuraren da ake haifar sababbin taurari. Sb yana tsakani, nan Andromeda yake. M33 ya tafi can ƙarshen reshen. Sau da yawa alamun uku ba sa yarda da juna, sai ka ga tozo na b, hannaye na c. Kada ka tilasta, akwai Sab da Sbc don irin wannan. M51, wanda Lord Rosse ya fara gano naɗin hannayensa a ƙasar Ayalan a 1845, Sbc ake rubuta shi.

Abin da bai shiga ko ɗaya ba, ba tozo, ba tsari, tarwatse kamar an watsa gero, shi ne Irr. Amma kafin ka jefa abu cikin wannan kwando, yi masa tambaya biyu. Ko faifai ne a kwance da ƙura ta dagula? M82 ya daɗe a cikin marasa tsari, daga baya hotunan infrared, wato hasken da ido ba ya gani, suka nuna yana da hannaye. Ko kuwa biyu ne suke karo? NGC 4038 da abokinsa NGC 4039 faifai biyu ne da suka sarƙe, kowanne ya ja doguwar wutsiya. 'Yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, sun nuna da kwamfuta tun 1972 cewa janyowar juna ce ke fitar da irin wannan wutsiya.

Wata shekara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan galaksi yana farawa ne daga E0, in ya girma ya fitar da hannaye?" Na ce, "A'a 'yata, gwafar nan jeri ce ta kamanni, ba tarihin rayuwa ba ce." Tambayar tana da tushe, domin har yau masana suna kiran na ƙota na farko, na rassa kuma na baya. Suna ne kawai ya zauna. Abin da bincike ya fi nunawa ma shi ne masu faifai in suka haɗe sukan zama dunƙulalle.

Mataki na huɗu: gwada amsarka da ta masana

Yanzu cire takardar da ka rufe allo da ita, ko ka nemi sunan a rumbun bayanai na NED, SIMBAD ko HyperLEDA. Za ka ga rubutu mai tsawo, misali SA(s)b ga Andromeda. Wannan faɗaɗawar Gérard de Vaucouleurs ce ta 1959. SA babu tabarya, SB akwai, SAB tabarya mai rauni. Ƙaramin s na cikin baka yana nufin hannaye sun fito kai tsaye daga tsakiya, r kuwa akwai zobe. Ya kuma ƙara d da m bayan c. In ka ci karo da lamba da ake kira T, ita ma jerin ce: −5 ga E, −2 ga S0, 1 ga Sa, 3 ga Sb, 5 ga Sc, 10 ga mara tsari.

In ka kauce da rabin mataki, ka ce Sb su ce Sbc, ka yi daidai. In ka ce E su ce Sc, koma kan hoton ka nemo tambayar da ka tsallake.

Mai son ido ya goge ya shiga Galaxy Zoo a shafin Zooniverse. An buɗe shi a 2007, inda mutanen gari suka taya masana rarrabe galaksi wajen dubu ɗari tara, kuma tambayoyinsa kusan irin waɗannan ne. Wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, a nan ta gano wani gajimaren gas da yanzu ake kira da sunanta.

Mataki na biyar: gina gwafar a Celestia

Celestia yana zuwa da galaksi sama da dubu goma a cikin fayil mai suna galaxies.dsc. Kada ka taɓa wannan fayil. Naka za ka rubuta dabam ka ajiye a foldar extras da ke cikin foldar Celestia. Buɗe Notepad ka rubuta:

Galaxy "Gwaji E0"
{
Type "E0"
RA 21.10
Dec 0.0
Distance 5.0e7
Radius 50000
AbsMag -21
}

Type shi ne nau'i. RA da Dec su ne adireshin abu a sama. Distance nisa ne, Radius rabin faɗi, dukkansu da shekarun haske, kuma 5.0e7 yana nufin miliyan 50. AbsMag ainihin ƙarfin haskensa ne, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai haske, −21 ya fi −18 nesa ba kusa ba.

Kwafi wannan ka liƙa a ƙasa sau da yawa, kana sauya suna da nau'i da adireshi. Rage RA da 0.02 kowane mataki: E3 a 21.08, E7 a 21.06, S0 a 21.04. Daga nan gwafa ta rabu. Sa, Sb, Sc su hau 21.02, 21.00 da 20.98 da Dec 0.2. SBa, SBb, SBc su hau RA iri ɗaya da Dec −0.2. A wannan nisa, tazarar 0.02 ta kai wajen shekarun haske 260,000, don haka ba za su hau kan juna ba. Dalilin ragewa maimakon ƙarawa shi ne a taswirar sama gabas tana hagu, kuma RA gabas yake ƙaruwa, don haka ragewa ce ke jera gwafar daga hagu zuwa dama.

Ajiye fayil ɗin da suna gwafa.dsc. A nan yara suka fi faɗuwa: Notepad yakan liƙa .txt a ƙarshen sunan a ɓoye, Celestia kuma ya wuce shi bai gani ba. Wajen ajiyewa zaɓi All Files. Idan Windows ya hana ka ajiyewa cikin Program Files, ajiye a wani wuri ka kwafo. Sannan rufe Celestia ka sake buɗewa, domin lokacin tashi yake karanta fayiloli. Danna Enter, rubuta Gwaji E0, sake danna Enter, sai harafin G ya kai ka. In ba ka ga komai ba danna U, shi ke kunna galaksi da kashe su. Maɓallan baka biyu, na buɗewa da na rufewa, su ke rage haskensu da ƙara shi. In har yanzu babu, duba fayil: alamar zance ɗaya ko ƙugiyar rufewa ɗaya da ta ɓace ta isa ta hana komai fitowa.

Nau'i goma sha shida Celestia ya sani: E0 zuwa E7, S0, Sa, Sb, Sc, SBa, SBb, SBc, da Irr. Saboda haka dogon rubutun de Vaucouleurs sai ka taƙaita shi da kanka. Sd ya koma Sc. Sm da Im, wato mara tsari a rubutunsa, su koma Irr. Sbc kuwa sai ka zaɓa, ni nakan bi girman tozo. SAB nakan duba hoto: in tabarya tana ganuwa ba tare da an nuna mini ba, na sa SB.

Mataki na shida: galaksi na gaske, da lambobinsa

Mu ɗauki M104. Rumbun bayanai zai ba ka RA awa 12, minti 40, da Dec −11 digiri, minti 37. Raba mintocin da 60: RA ya zama 12.667, Dec −11.62. Lura da kyau, a fayil ɗin dsc da awa ake rubuta RA, daga 0 zuwa 24. In shafin ya ba ka da digiri, raba da 15. Ka manta wannan, galaksinka zai faɗa wata unguwa dabam a sama.

Nisansa wajen shekarun haske miliyan 31 ne. In an ba ka da megafasek, wato fasek miliyan ɗaya (fasek ma'aunin nisa ne, shekarun haske 3.26), ninka da miliyan 3.26 ka samu shekarun haske. Tsawonsa a sama wajen minti 8.7 na kusurwa, a kwatanta da wata mai wajen minti 30. Don samun Radius, raba tsawon biyu, ka ninka da 0.000291, ka ninka da nisa: 4.35 sau 0.000291 sau miliyan 31 ya ba da wajen 39,000.

Saura AbsMag. A irin wannan ma'auni, hasken da muke gani daga nan wajen 8.0 ne. Mayar da nisa zuwa fasek ta hanyar rabawa da 3.26, ka samu wajen miliyan 9.5. Log ɗinsa 6.98, sau 5 ya zama 34.9. Sai ka ce 8.0, a cire 34.9, a ƙara 5: −21.9.

Tunda M104 yana cikin Celestia tun asali, ba wa naka suna dabam, kamar Malfar Katsina, ka matsar da Dec ɗinsa da rabin digiri, su tsaya kafaɗa da kafaɗa ka kwatanta.

Abin da ya rage shi ne karkata, kuma a nan nake so ka daɗe. Ga faifai, rula tana faɗa maka yadda ya karkata: b a raba da a shi ne kusan cos na kusurwar. Sifili yana nufin ya fuskance mu, 90 ya kwanta ta baki. Andromeda tsawonsa wajen minti 190, faɗi wajen 60. Rabon 0.32 ne, wanda ke ba da digiri 71. Masana suna cewa wajen 77. Bambancin ya zo ne daga kauri, domin faifan galaksi ba takarda ba ne, ko ya kwanta sarai kaurinsa na nan. Gyaran da ake yi shi ne a ninka rabon da kansa, a cire 0.04, a raba da 0.96, a ɗauki tushen murabba'i, sannan a nemi kusurwa. Da haka 71 ya koma 75, ka matso kusa.

A Celestia layi biyu ke riƙe da karkata: Axis, lambobi uku da ke nuna sandar da za a juya faifan a kanta, da Angle, yawan digirin juyawar. Lissafa su daga tushe aiki ne mai tsawo. Hanyar da nake bi da ɗalibai ita ce mu buɗe galaxies.dsc don karatu kawai, mu nemo M104, mu kwafi layukan biyu zuwa namu fayil. Daga nan sai mu riƙa sauya Angle da digiri goma-goma, muna sake buɗe manhajar, muna kallon malfar daga wajen duniya tana buɗewa tana rufewa.

Yanzu je wurin Gwaji Sb ka riƙe maɓallin dama na linzami ka ja, ko Shift da kibiya. Zagaya shi har ya kwanta ta baki, ka ɗauki hoton allo. Yi haka ga SBb da S0. Ba wa abokinka hotunan uku ba tare da suna ba, ka ce ya rarrabe. Da wuya ya iya raba Sb da SBb. Yi irin wannan da E7, ka nemo kusurwar da ya fi kusa da da'ira, ka auna da rula ka ga lambar da zai ba ka. Ajin da ya yi wannan gwaji ba ya sake rubuta nau'in galaksi ba tare da ya tambayi ta ina ake kallonsa ba.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Abin da Celestia ke zanawa samfuri ne ɗaya ga kowane nau'i, ba hoton galaksin ba. Duk Sa ɗin da ke ciki daga ƙira ɗaya aka buga su, girma da haske da karkata ne suka bambanta. Ajiye Malfar Katsina kusa da hoton da ka sauke daga Aladin Lite ka rubuta abin da ya ɓace, ka fara da kaifin baƙin zaren ƙura da girman hasken da ya lulluɓe tozo. Wutsiyoyin NGC 4038 kuwa babu samfurin da zai fitar da su cikin sha shidan nan. Mai son siffa ta musamman zai ƙara layin CustomTemplate a cikin fayil, ya ba shi sunan hoton png mai fari da baƙi na galaksin ta fuska. Buɗe foldar models ka duba samfuran da ke ciki, ka yi naka da girma da tsari irin nasu, ka ajiye shi tare da su. Fara da M51 ko M33, waɗanda hannayensu ke bayyane a hoto, ka goge taurarin gabansu, domin waɗannan ɗigogin na cikin galaksinmu ne, sun shiga hoton ne kawai don suna kan hanya.